Ranar Ta da Ƙarfen Eriya: Abin da Igiyar Rijiya Ba Ta Koya Mana Ba

Wanda ya san ƙauyukan Kanan-Bakashe da sauran ƙasar Mayahi da Tasawa shekaru 30 da suka wuce, in ya dawo yau, tun daga nesa zai ga abin da ya sake. A da gawo da goriba ne ke nuna wa matafiyi ya kusa gari, yanzu kuwa ƙarfe ne. Ga dogon ƙarfen rezo na kamfanonin waya, ga na gidajen rediyon karkara, ga sandar lasifikar masallaci, ga fitilar pano a bakin kasuwa, ga ƙafafun shaton ruwa, ga bututun ruwa da aka jona biyu ko uku aka ɗaura wa eriyar telebijin a ka. Kamfanonin waya suna zuwa da ma'aikatansu da kayan aikinsu, don haka a ajiye su gefe. Sauran duk mutanen gari ne ke ta da su: mai walda, da magini, da samarin unguwa, da igiyar da aka aro a maƙwabta da safiyar ranar. A nan ne nake ganin akwai gyara. Ana wata da watanni ana tara kuɗin ƙarfe da siminti da na'ura, ana ciniki har a kan gwangwanin fenti, amma abin da zai riƙe wannan dukiya duka a sama, bisa kawunan mutane, ba ya shiga lissafi. Dalilin da ya hana shi shiga shi ne mun yarda da kanmu a kan igiya. Mun san ta ƙwarai, ba gardama, sai dai sanin da muka yi mata na wani aikin ne daban.

Son tsawo yana da hujja. Muryar FM kusan a miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa sosai, shi ya sa tun da aka buɗe rediyon karkara na Bankilare a jihar Tillaberi a 1999, har irinsa suka haura 100 a Nijar, kowane kwamiti burinsa eriyarsa ta ɗara ta jiya. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, eriyar da ke mita 12 tana hango kusan kilomita 14, wadda ke mita 30 kuma kusan kilomita 23. Wato in ana son nisa ya ninka biyu, sai tsawo ya ninka huɗu. Iska kuwa lissafinta ya fi haka tsanani: in gudunta ya ninka biyu, turin da take yi wa ƙarfe ninki huɗu yake yi. Saboda haka mai cewa “a ƙara gaba biyu mana” ɗan nisa kaɗan yake saye, ya biya da nauyi mai yawa ranar tayarwa da kuma kowace damina.

Ƙasar da kwarin Gulbin Kaba ya ratsa ba za a koya mata tufka ba. Da kaba ake saƙa tabarma, da ita ake tufka igiya, kuma yaro yakan iya zarge da dabaibayi da ɗaurin turke tun yana bin awaki. A rijiyoyin da igiyarsu ke kai gaba 20 ko fiye, mutum ya ga yadda sa ko raƙumi ke jan wasaki ta kan puli daga safe har rana ta take, ya ga yadda masu yasa ke zura ɗan'uwansu su fito da shi lafiya. Wannan ilimi ne na gaske, kuma duk wanda ya rena shi bai taɓa tsayawa bakin rijiya ba. Amma a dubi irin nauyin da rijiya ke horar da mu a kansa. A miƙe yake, daga puli zuwa ƙasa. An san shi, don wasakin jiya shi ne na yau. Ba ya sakewa tsakanin ƙasa da sama. In igiya ta tsinke da guga, asarar tana faɗawa cikin rami inda ba kowa, a kawo ƙugiya a ciro. Ƙarfen eriya ya saɓa wa waɗannan duka. Nauyinsa a karkace yake zuwa wa igiya, yana sakewa da kowane taƙi da ƙarfen ya ɗaga, yawanci ba wanda ya auna shi, in kuma ya kuɓuce, kan masu jansa yake nufa.

Karkacewar nan ita ce uwar matsala, kuma lissafinta ba ya buƙatar boko mai zurfi. A ɗauki bututu mai tsawon mita 12 da nauyin kilo 60, yana kwance, gindinsa a tokare a bakin raminsa, an ɗaura igiya a kansa. Mutum zai ce kilo 60 ai bai kai buhun hatsi ba, samari biyu sun isa. To, in igiyar ta bi ta kan wata ƴar gwafa mai tsawon mita 1 da aka kafa a gindin bututun, jan da za ta sha kafin kan ya rabu da ƙasa ya kai kilo 360. In gwafar mita 3 ce, jan ya sauko kusan kilo 125. In mita 6 ce, bai kai kilo 70 ba. Bututun bai sake ba, igiyar ba ta sake ba, tsawon gwafa kawai ya raba 360 da 70. In kuma ba gwafa sam, mutane suka tsaya can suna ja daga tsawon ƙugu, yawancin ƙarfinsu yana tafiya ne wajen tura bututun ta tsawonsa, sai gindin ya ture abin da ya tokare shi ya zame, ko bututun ya lanƙwashe a wurin joni. Abin lura shi ne jan ya fi tsanani a farkon farawa, daidai lokacin da wasu ke shiga ƙarƙashi suna tallafawa da kafaɗa. Yana kuma raguwa yayin da ƙarfen ke miƙewa, har ya zo inda ba ya buƙatar ja ko kaɗan. A nan haɗari na biyu yake, don in ba a ɗaura wata igiya ta baya da wani ke sassautawa a hankali ba, tare da biyu a gefe da gefe, ƙarfen zai wuce tsaye ya kifa kan waɗanda suka ta da shi.

Haka zancen yake ga maratayi, wato igiya ko ɗamarar da ake naɗa wa kaya a saƙala ta a ƙugiya. In kayan kilo 100 ne, aka ɗaure shi wuri biyu, kowa zai ɗauka kowace ƙafa ta maratayin kilo 50 take ɗauke da shi. Hakan yana tabbata ne kawai in ƙafafun biyu suna tsaye kyam. Da sun buɗe digiri 60 a wurin ƙugiya, kowace tana shan kilo 58. A digiri 90 kilo 71. A digiri 120 kowace ƙafa ita kaɗai tana shan kilo 100 cif, a digiri 150 kuwa ta kusa 200. Gajeren maratayi da aka ja shi ya yi kwance-kwance don a rage tsawo yana iya ninka wa kansa nauyi ba wanda ya sani. Ba sai an zo da ma'aunin kusurwa ba: in tsawon kowace ƙafa ya kai tazarar da ke tsakanin wuraren ɗaurin biyu, buɗewar ba ta wuce digiri 60 ba, an tsira. Sannan in aka shaƙe kaya, wato aka zagaya maratayi aka zura shi cikin kansa, ƙarfinsa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar. Ƙarfe mai kaifin gefe kuma, irin wanda masu walda ke haɗa ƙafafun shato da shi, yana yanka igiya tun ba ta ɗauki rabin abin da za ta iya ba. Guntun tsohuwar taya ko buhu da aka ninka aka sa a gefen ya wadatar, amma sai an tuna da shi tun kaya na ƙasa.

Ƙulli shi ma yana cin nasa rabo. A duk inda igiya ta yi lanƙwasa mai tsini, zarurrukan waje ne ke ɗaukar jan, na ciki suna sake, shi ya sa igiya mai ƙulli kusan kullum a bakin ƙullin take tsinkewa, kuma yawanci ta rasa sulusi zuwa rabin ƙarfinta. Wannan ba dalilin gudun ƙulli ba ne, dalili ne na sa shi cikin lissafi da zaɓen wanda ya dace. Zarge yana da kyau ga wuyan guga, amma yana ƙara matsewa da ƙarin nauyi, ba a sa shi a jikin mutum, kuma bayan ya sha ja sai wuƙa. Ƙulli biyun nan da ake ɗaure bakin ƙunshi da shi ya fi kowane yaudara in aka jona igiya biyu da shi, musamman in kaurinsu ba ɗaya ba, don yakan juye ya zare gaba ɗaya. In da hali, igiyar ɗagawa ta zama guda ba joni. Wanda ya kamata kowane mai wannan aiki ya iya, ko idonsa a rufe, shi ne ƙullin da matuƙa jirgin ruwa suka daɗe da shi, wanda Faransawa ke kira ƙullin kujera. Ana yin ɗan ido a jikin igiya, a turo bakinta ta cikin idon daga ƙasa, a zagaya da shi bayan uwar igiyar, a maido shi cikin idon ta inda ya fito. Yana ba da zobe wanda ba ya matsewa, kuma ko ya ɗauki nauyi yana kwantuwa da hannu. Aibinsa ɗaya: in ba nauyi a kansa ana girgiza shi, yakan sassauta, balle a igiyar roba mai santsi, don haka a bar masa dogon baki a ƙara ɗaure bakin. A jikin bututu mai sulɓi kuwa zobe ba ya riƙewa, zamewa yake. Can naɗi ne ke aiki: a naɗa igiya ko ɗamara sau huɗu ko biyar a matse kafin a ƙulle, a kuma yi wani rabin ƙulli kusa da kan bututun don kada ya wuntsila.

Waɗanda suka fi kowa tara irin wannan sani su ne masu rediyon sha'awa, mutanen da ke karɓar lasisi su kafa tasha a gida don su yi magana da takwarorinsu na duniya, ba don kuɗi ba. Ƙungiyarsu ta duniya an kafa ta a Paris a 1925. Lambar kiran na Nijar tana farawa da 5U, ta Najeriya da 5N, ko da yake a nan ba su da yawa. Abin da ya sa darasinsu ya dace da mu shi ne halinsu irin namu ne: mutum uku ko huɗu, ba injin ɗaga kaya, kuɗi daga aljihu. Hasumiyar da da yawansu ke amfani da ita, Rohn 25G, yanki-yanki take zuwa, kowane yanki mita 3 da nauyin kusan kilo 18. Ba sa haɗa ta a ƙasa su ta da ita gaba ɗaya. Sukan maƙala wani bututu mai puli a ka a jikin yankin da aka riga aka kafa, ya zarce shi tsawo, igiya ta bi ta kansa ta sauko ta ɗauko yanki na gaba. Ana ɗaure yankin kaɗan sama da tsakiyar nauyinsa don ya tashi a tsaye, kuma gano tsakiyar ba wuya, a ɗora shi kan itace a ƙasa a ga inda ya daidaita, a sa alama da alli. Akwai puli na biyu a gindin hasumiyar wanda ke karkatar da igiya, masu ja su tsaya can nesa da inda abu zai faɗo. Wata siririyar igiya kuma tana hannun mutum ɗaya yana kare kayan daga bugun ƙarfe. Da wannan dabara sun mai da karkataccen nauyi ya koma miƙaƙƙe, ƙarami, sananne, irin dai wanda muka saba da shi a rijiya.

Za a ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu da muke da gayya me za mu yi da puli biyu? Ga jinka maganar daidai take, don kowa yana kama gefensa, yana jin abin da ke hannunsa. A kan igiya ɗaya kuwa yawan hannu yana ɓoye labari. Mutum goma, kowa ya ja kilo 30 ko 40, sun zuba wa igiya kilo 300 zuwa 400, alhali kowannensu yana jin bai yi komai ba. In kayan ya saƙale a wani ƙarfe can sama, mutum biyu za su ji nan take su tsaya, goma kuwa sai su ƙara himma har wani abu ya karye. Ga kuma yadda gayya ke ja, da kirari da fizga, a saki a sake fizga, alhali fizga tana iya ninka nauyin da igiya ke ji fiye da sau biyu. Ɗaura igiya a sa, ko a mota, ko a babur ya fi wannan muni, don ba ɗayansu da zai ji an saƙale. Gayya tana da wurinta: haƙa rami, kwaɓa siminti, ɗauko ƙarfe, da kore yara daga fili, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Amma in an zo ɗagawa, murya ɗaya ce ke cewa a ja, kowa kuma yana da ikon cewa a tsaya. A naɗa igiyar sau biyu a wani ƙaƙƙarfan turke yadda in hannu ya gaji ba za ta kuɓuce ba, kada kuma kowa ya naɗa ta a hannunsa ko ƙugunsa.

Za a kuma ce igiya mai kyau tana da tsada, ga ta kaba a gida, ga ta roba a kowace kasuwa. Ta kaba tana kama ƙulli da kyau, ta isa kare kaya ko ɗaure-ɗauren ƙasa, amma ƙarfinta ya danganta da hannun da ya tufka ta da kwanakin da ta yi, ba mai iya faɗin kilo nawa za ta ɗauka. Ta robar nan mai launi rana ce ajalinta. In launinta ya koɗe, in aka murza ta tana zubar da gari ko tana tsikarin hannu, ta gama aiki ko da ba ta nuna tsinkewa ba. Zafin gogayya kuma yana narka ta. Nailan tana da ƙarfi amma tana miƙewa, in ta tsinke tana dawowa da bulala, kuma in ta jiƙe ƙarfinta yana ɗan raguwa. Poliyesta ce ta fi jure rana, ba ta kuma miƙewa sosai. Ko wace iri ce, a buɗe murɗinta a duba ciki, don rairayin da ya shige tsakanin zare yana cin ta a ɓoye, igiyar da ta yi wata tana jan ƙasa a bayan sa kuwa cike take da shi. Ƙa'idar masu ɗaga kaya ita ce kada a ɗora wa igiya fiye da kashi ɗaya cikin biyar na nauyin da ke tsinka ta, in rai ne a kanta kashi ɗaya cikin goma. Wadda aka rubuta tana tsinkewa a kilo 1,000, aikinta kilo 200 ne. A gwada kuɗin sabuwar igiya da puli biyu da kuɗin eriya da wayarta, sai a ga wanne ne asara.

Wani zai ce duk wannan na manyan hasumiyoyin Turai da Amurka ne, namu ɗan bututu ne. Manyan ma ta wannan ƙofar suke faɗuwa. Ranar 7 ga Disamba 1982, a Missouri City kusa da Houston a Amurka, ana ɗaga yankin ƙarshe na eriya zuwa kan hasumiya mai kusan mita 600. Wurin saƙala ƙugiya bai zo daidai ba, sai aka ƙara masa wani ƙarfe a nan filin aiki aka ɗaure da kusoshi. Ƙarin ya sa nauyi ya zo wa kusoshin a karkace fiye da yadda aka zata, suka karye, eriyar ta faɗo ta tsinka ɗaya daga wayoyin da ke riƙe da hasumiyar, ta rushe duka, ma'aikata 5 suka mutu. A Konstantinuf ta ƙasar Poland, hasumiyar rediyo mai mita 646, wadda a lokacin ba ginin da ya kai ta tsawo a duniya, ta faɗi ranar 8 ga Agusta 1991 ana cikin sauya mata wayoyin riƙo. Ƙwararru ne suka yi ayyukan biyu. Ƙanƙantar namu kuma ba ta sa ya zama wasa: sifana da ta suɓuce daga mita 12 tana isowa ƙasa da gudun kilomita 55 a awa, wanda ya hau ba ɗamarar tsaro kuwa ko daga mita 6 ya faɗo yana iya rasa ransa.

Bayan ƙarfe ya tsaya, sauran aiki yana ƙasa. Wayoyin riƙo uku ne aƙalla, a raba su daidai a kewaye, a kai turakunsu nesa da gindi kamar kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na tsawon inda aka ɗaura su, don in sun matso kusa, sun koma ja ƙasa maimakon riƙewa. A jigawa turken da aka buga da guduma ba abin dogaro ba ne, ruwan farko yana jiƙa rairayi sai ya zare. Abin da ke riƙewa shi ne ƙarfe ko dunƙulen siminti da aka binne a kwance cikin rami mai zurfi. Maƙallan waya su zama uku, lanƙwasasshen ƙarfensu ya danne guntun bakin wayar, faffaɗan gindin ya zauna kan doguwar da ke ɗauke da nauyi. Ba a kwance tsohuwar waya sai an ɗaura ta wucin gadi a madadinta. Inda akwai wayar lantarki, a auna yadda ko ƙarfen ya faɗi da tsawonsa duka zai bar tazarar mita 3. Lokaci kuma a zaɓi sassafe kafin iska ta taso, a guji yammacin bazara da farkon damina, sa'ad da hadari ke tasowa daga gabas da guguwa a gabansa.

Kirana ga kwamitocin rediyo, da na masallatai, da masu unguwanni, da duk maigidan da zai sa a ta da ƙarfe a gidansa: ku rubuta igiya da puli da ɗamarar tsaro cikin takardar kuɗi tun ranar da kuka rubuta ƙarfe. Ku sa a ɗaga kayan taƙi ɗaya daga ƙasa a tsaya, a duba kowane ƙulli da kowane turke kafin a ci gaba. Ku kuma tambayi wanda zai shugabanci aikin kilo nawa ne ƙarfen, kilo nawa igiyarsa ke ɗauka, ina kuma ƙarfen zai kwanta in ya kuɓuce. In ya kasa amsa ko ɗaya daga cikin ukun, ku ɗage ranar.